Laftof ɗin da Na Turara

A watanmu na biyar da aure muna zaune a unguwar Mando ta Kaduna, a wani gida mai ɗaki biyu da ke ɗaukar rana tun hantsi. Bazara ce, irin wadda ruwan randa kansa ke yin ɗumi. Maigidana yana aiki da wani kamfani mai raba taki da iri ga manoma, kuma ba a tabbatar da shi ba tukuna. Gwajin wata shida aka ɗauke shi. Ranar Alhamis da ƙarfe goma zai zauna gaban manyan kamfanin ta bidiyo, su suna Abuja shi yana falonmu, ya yi musu bayanin aikinsa. Daga nan ne za a ce ya zauna ko ya tafi.

Duk abin da zai nuna musu yana cikin laftof ɗin da ofis ya ba shi, wata baƙa mai nauyi. Manhajar kamfanin ba ta buɗewa a kowace kwamfuta sai ita, don haka aron ta wani ba zai yi ba. A satin nan ne kuma ta zaɓi ta fara ciwo.

Ciwon ya daɗe yana tahowa, mu ne ba mu kula ba. Da farko fankar cikinta ce ta riƙa huci kamar mai hawan tudu. Daga baya ƙasanta ya fara zafi har ba a iya barin tafin hannu a kai. Zai danna abu, ya tashi ya sha ruwa ya dawo, ba ta buɗe ba. Ranar Litinin ta mutu da kanta bayan minti goma sha biyar da kunnawa. Ranar Talata ba ta kai goma ba. Ya kira masu kula da kwamfutocin kamfanin, suka ce ya aiko ta Abuja, za ta dawo nan da sati biyu, ko kuma ya kai wa mai gyara na kusa ya duba fankar. Game da ranar Alhamis kuwa, suka ce wannan ba sashensu ba ne.

Ina kallonsa yana zaune gabanta ya haɗe hannu a ƙeya, ni kuwa ina da abin da na ɓoye masa.

Ni mutum ce da littattafan soyayya na kasuwa suka raina. Tun ina aji biyu na sakandare nake saka su a tsakiyar littafin lissafi. Da na yi aure sai wata ƙawata ta tura mini wasu da yawa a filas ɗin kwamfuta, ni kuma idan ya fita masallaci ko ya bar laftof ɗin a gida, sai in soka filas ɗin in karanta a babban allo. Ya taɓa ce mini kayan ofis ne, kada a saka mata komai. Na ce to. Da ta fara ciwo sai na tabbatar wa kaina cewa ƙwayar cuta ce ta bi filas ɗin ta shiga, kuma ni ce na kashe masa aiki saboda in ji yadda wani saurayin ƙarya zai ƙare da wata budurwar ƙarya.

Akwai kuma abin da nake yi mata kullum wanda ban taɓa lissafa shi cikin laifi ba. Gwaggona da ke Rafin Guza turaren wuta take haɗawa, irin wanda ake soya itacen da sukari da madarar turare har ya yi danƙo. Da za a kawo ni ta cika mini kwalabe shida, ta ce duk abin da miji zai fita da shi daga ɗakina ya fita da ƙamshina. Na riƙe maganar fiye da yadda ta yi nufi. Kowace safiya yakan kunna laftof ɗin ta tura lissafin jiya, shi ya shiga wanka. Ni kuma in zuba garwashi a kasko, in kifa kabbasa, kwandon turara kaya, a kai, in turara rigarsa da hularsa da hankicinsa. Idan na gama sai in ɗauko ta a buɗe, tana kunne, in ɗora ta a kan kabbasar. Ina so idan ya buɗe ta a wata rumfar manoma, tsakanin buhunan taki, ƙamshin ya bugi hancinsa ya tuna akwai wadda ke jiransa. Har nakan tsaya in kalli yadda hayaƙin ke shigewa ta ƙasanta kamar tana zuƙa, in ji daɗi. Na kuma ɗinka mata 'yar katifa ta karan-miski, ja, mai geza, don kada tebur ya goge ta.

Ranar Laraba dole ya tafi Katabu, motar taki za ta sauke kaya kuma sai ya sa hannu. Yana ɗaura agogo ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Amarya, za ki iya kai ta Kawo? Akwai wani dattijo kusa da tasha, an ce ya san aikinsa. Na yi masa waya."

"Zan iya."

"Ki tsaya a kanta. Kada ya goge komai. In ya ce zai goge, ki ɗauko ta kawai."

Na sa ta a jaka, na rungume ta a ƙarƙashin hijabi, na tare Keke. Tun daga Mando har Kawo ina tsara yadda zan roƙi mai gyara kada ya faɗa wa maigidana abin da ya gani. A littattafai idan mace ta yi irin wannan laifi, kuka take yi mai kyau, hawaye na bin kumatu, mijin ya share mata. Ni gumi ne yake bin wuyana, kuma na san nawa mijin ba zai share komai ba idan aka sallame shi, zai dai zauna shiru ne, shirun da na fi tsoro a kan faɗa.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da cajar waya da mai facin taya. Dattijon yana da furfura a gemu da tabarau mai kauri. Ya ce da can rediyo yake gyarawa, zamani ya tura shi nan. Ya nuna mini benci.

"Hajiya, ke ce matar mai taki?"

"Ni ce, Baba."

"To mu ga mara lafiyar."

Ya kunna ta, ya kara kunne a gefenta ya saurara, ya sa bayan hannu a inda iska ke fita. Ya ce iskar da ke fitowa ba ta kai ta numfashin jariri ba. Sai ya buɗe wani abu a allo ya nuna mini wata lamba tana hawa. Ya ce zafin ƙwaƙwalwarta ke nan, kuma ya kusa kai na ruwan shayi. Kusa da ita akwai wata lambar, ita kuma tana sauka.

"Kin ga wannan? Gudunta ne. Idan ta ji za ta ƙone sai ta rage gudu da kanta, kamar yadda ke ma ba za ki yi sauri a ranar nan ba. In ragewar ba ta isa ba sai ta kashe kanta. Ba lalacewa ta yi ba, tsira take nema."

Ban jira ya tambaya ba. Na ciro filas ɗin daga jaka na ajiye a gabansa, na ce ni na saka mata wannan, littattafai ne a ciki, kuma maigidan bai sani ba. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Littattafan addini?"

Na sunkuyar da kai.

"Na gane," in ji shi. "Ɗiyata ma haka take, tuwo ya sha ƙonewa. Bari mu duba."

Ya sa wani bincike ya fara gudu, amma bai kai rabi ba allon ya yi baƙi. Ya ce babu yadda za a yi a binciki wanda ke suma, sai an fara sauke masa zazzaɓi. Ya kifa ta a kan tsumma, ya ɗauko ɗan sukudireba, ya kwance ƙananan notuna ya jera su a murfin gwangwani. Ina ƙirga su a zuciyata don kada ɗaya ya ɓata. Da ya ɗaga murfin ƙasan sai ya tsaya. Ya matso da hancinsa. Ya ja baya, ya sake matsowa.

Ni ma ƙamshin ya iso ni. Na Gwaggo ne, babu tantama, a cikin shagon da ke warin dalma da man inji.

"Hajiya," ya ce a hankali, "na daɗe ina buɗe kwamfuta. Na samu kyankyaso a ciki, na samu ɓawon gyaɗa, na taɓa samun allura. Ban taɓa buɗe wadda ta fi uwargidana ƙamshi ba sai yau."

Ya juyo da ita ya nuna mini. Fankar 'yar ƙarama ce, ba ta fi murfin kofi ba, kuma kowane fiffikenta ya yi kauri da wani abu mai ruwan ƙasa, mai danƙo kamar ƙasan tukunyar alewa. A bakin ƙarfen da iska ke bi ta fita kuwa, wani jan gashi-gashi ya toshe ramukan gaba ɗaya, ya zama kamar auduga. Ya ciro shi da hantsaki ya ɗaga sama.

"Wannan jan fa?"

"Katifarta ce. Karan-miski."

"Katifa." Ya ajiye hantsakin. "Turaren kuma a ɗaki kike sawa ya shiga, ko kuwa?"

"A kan kabbasa nake ɗora ta."

"Tana kunne?"

"Tana kunne."

Bai yi dariya ba nan take. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, kafaɗunsa suna motsi. Da ya samu kansa ya ce ta ƙasa take shaƙar iska, ni kuma na ba ta hayaƙin sukari da maiƙo har wata biyar, sannan na kwantar da ita a kan abin da ke toshe mata hanci. Danƙon ya kama zaren, zaren ya kama ƙura. Ya ce da amarya ce da tuni an yaba mini, amma wannan baiwar Allah ba ta da miji.

Kunya ta rufe ni, amma tsoron ya fi ta yawa. Na tambaye shi ko za ta yi aiki gobe ƙarfe goma.

Ya ce sabuwar fanka ita ce magani, kuma irin tata babu a Kaduna, sai ya aika Kano, ba za ta iso ba sai Asabar. Abin da zai iya yau shi ne wanki. Ya kwance fankar, ya tsoma ɗan burushi a sifirit, ya bi fiffiken ɗaya bayan ɗaya. Audugar da yake gogewa da ita tana fitowa kamar an tsoma ta a shayi. Ya ɗaga wani ƙarfe mai ruwan jan gaci, ya nuna mini wani abu toka-toka a ƙarƙashinsa da ya bushe ya tsattsage kamar kunun da ya kwana a kwano. Ya ce man da ke ɗauke zafi daga ƙwaƙwalwar ne, shi ma ya mutu. Ya kankare shi, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar gero biyu, ya mayar da komai. Notunan sun cika, na ƙirga.

Da ya kunna, sautin ya canza. Akwai wata 'yar ƙara siririya a ciki, kamar ta sauro, amma iska na fita. Ya sake sa binciken, wannan karon ya kai ƙarshe. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Ya tura mini filas ɗina da yatsa.

"Masoyanki ba su da laifi. Amma ki karanta su a waya."

Muka zauna rabin awa muna kallon lambar zafin. Tana hawa, ta tsaya, ta ɗan sauka. Ya ce in lura, shagonsa akwai fankar sola tana kaɗa mata, kuma bidiyo ya fi komai sa ta gumi. Danƙon ya shiga har cikin gindin fankar, inda burushi ba ya kaiwa. Ya ɗauko murafen kwalba biyu daga aljihun tebur ya ba ni.

"Ki sa su a ƙarƙashinta ta baya, ta ɗaga. A kan katako, ba katifa ba, ba filo ba, ba cinya ba. Ya rufe duk abin da ba ya amfani da shi. Ku kunna fankar sama."

"In an ɗauke wuta fa, Baba?"

"To sai addu'a, Hajiya. Ba zan yi miki alkawarin awa guda ba."

Maigidana ya dawo bayan la'asar, farin taki a takalminsa. Na bari ya sha ruwa, sannan na faɗa masa duka, filas ɗin da kabbasar da katifar. Na shirya kalmomi masu daɗi a hanya, babu wadda ta fito. Ya saurara har na gama, yana kallon laftof ɗin da ke tsaye a kan murafen kwalba.

"Shi ya sa," ya ce. "Wani manomi a Katabu ya taɓa tambayata ko turare nake sayarwa a gefe."

Na jira ya ƙara wani abu, ko faɗa ko lallashi. Sai ya ce, "Ya ce za ta kai?"

"Bai yi alkawari ba."

Ya gyaɗa kai ya tashi ya yi alwala. Da magariba na zuba masa abinci, ya ci loma uku.

Ranar Alhamis na share falon, na cire labule don iska ta shigo, na goge teburin katako. Ya sa farar shadda, ya zauna tun tara da rabi. Fankar sama tana juyawa, ina ta ɗaga kai ina kallonta kamar kallona ne ke riƙe ta. Goma saura kwata ta fara rage gudu. Ta yi juyi uku a kasalance ta tsaya.

Batirin a cike yake, wannan ba matsala ba ce. Amma kwanon rufin ya riga ya ɗau rana, zafi na saukowa a kanmu kamar an buɗe murhu. Ya kalli agogo, ya kalli laftof ɗin, ya share goshi. Na shiga kicin na ɗauko maficin kaba da nake hura gawayi da shi, na durƙusa a gefen teburin, ta inda kyamara ba za ta gan ni ba.

"Me za ki yi?"

"Kai dai ka yi bayaninka."

Ƙarfe goma fuskoki uku suka fito a allo, maza biyu da wata mata mai lulluɓi, ita ce babbarsu. Aka gaisa da Turanci, ya fara. Ni ban ji rabin abin da yake faɗa ba. Kunnena yana kan ƙarar sauron nan, idona yana kan 'yar tazarar da murafen suka bari a ƙasa, ina tura iska ciki. Idan hannun dama ya gaji in koma hagu. Gwiwoyina suka fara zafi a kan siminti. Na yi ta karanta duk addu'ar da na haddace, ina gamawa in sake daga farko.

Wajen minti ashirin ƙarar ta ƙaru. Ya danna don ya nuna musu taswirar ƙauyukan da ya zagaya, ba ta buɗe ba. Ya sake dannawa. Fuskar matar ta daskare a allo, bakinta a buɗe. Na kama maficin da hannu biyu na yi ta kaɗawa har kaban yana kuka, hawaye da gumi sun haɗe mini ban san wanne ne wanne ba. Ina jin zafin da ke fita daga gefenta yana dukan fuskata. Ban san tsawon lokacin ba, watakila bai kai minti ɗaya ba. Sai matar ta motsa, taswirar ta buɗe, muryarsa ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Suka yi masa tambayoyi, ya amsa. Ɗaya daga cikin mazan ya ja shi da nisa a kan wasu buhuna da suka jiƙe a sito, ni kuma a raina ina roƙon mutumin ya yi shiru haka nan. Iskar maficin ta ɗaga wata takarda a kan tebur, ya danne ta da gwiwar hannu, ta sake ɗagawa. A ƙarshe matar ta ajiye biro, ta juya zuwa Hausa.

"Malam, ashe kuna da wuta a Kaduna. Tun ɗazu nake ganin fanka na ɗaga maka takarda."

Ya sake danne takardar. "Ta hannu ce, ranki ya daɗe."

Ta kalli gefen allon kamar za ta leƙo. "To a gaishe da mai hannun. Mun ji bayaninka. Ka turo cikakken rahoton yanzu ta manhaja, in ya shigo kafin mu tashi zan sa hannu a takardarka yau."

Fuskokin suka ɓace. Ya danna aikawa, wani siririn layi ya fito ya fara cika a hankali. Hannuwana sun daina jin maganata, maficin yana ta zamewa. Sai ya sauko daga kujera, da farar shaddarsa, ya durƙusa kusa da ni ya zare shi daga hannuna. Na lumshe ido, na ɗan ɗaga fuska, ina jiran iskar.

Ba ta zo ba. Da na buɗe ido laftof ɗin yake yi wa fifita, da ƙarfinsa, idonsa a kan layin. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar tebur, muka zuba masa ido tare. Ya wuce rabi. Ya tsaya a wani wuri har na fara salati. Ya motsa, ya cika, wani koren rubutu ya fito cewa an karɓa.

Ya kashe ta da hannunsa kafin ta kashe kanta. Muka zauna a simintin muna haki, babu mai ƙarfin tashi. Kafin azahar wayarsa ta yi ƙara a kan kujera. Ya miƙa hannu ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ba ni ya ce in karanta masa da ƙarfi, wai idonsa ba ya gani sosai. Na karanta masa: an tabbatar da shi.